Jan Biro a Bakin Inna

Kun taso kuna jin wata magana a dangi, musamman idan an je Kalmalo suna ko gaisuwar mutuwa, cewa yayarku Ummi ta taɓa kunyata kakarku bayan rasuwarta. Wai boko ya cire mata kunya, har ta sa wa Inna maganar da ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Na san kun ji, don na sha ganin yadda kuke sunkuyar da kai in an ɗauko zancen. To ku buɗe kunnuwanku da kyau. Ummi ba ta yi ba. Ni ubanku, Haliru, ni na yi, da hannuna na dama, da rana tsaka, ina cikin hankalina, kuma a lokacin gani nake alheri nake shukawa. Na bar yarinya da kayan da ba nata ba shekara da shekaru, ni kuwa ina sahun gaba a masallaci ana ce mini Malam. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba na so a kai ni makwanci da wannan abu a wuyana.

Kun san aikina. Turanci na koyar a sakandare nan Illela har na yi ritaya, kuma ba kowane Turanci ba, na Ingila tsantsa, wanda ake ɗaura wa wuyan riga. Jan biro ba ya barin aljihuna ko ranar Sallah. Yaran da ke kwaso maganar 'yan fim ɗin Amurka a gidajen kallo na bakin tasha, su zo aji suna tauna harshe suna cinye rabin kalma, su suka fi kowa shan bulalata. Kuma ina da wata ƙa'ida da na gada daga malamin da ya koyar da ni: duk abin da za a rubuta, a fara yin na gwaji, a bi shi da jan biro, a kwafe shi tsaf a takarda mai kyau, sannan a ƙone na gwajin don kada wani ya ga kuskurenka. Kowace Asabar da hantsi nakan tara tarkacen takardun mako in cinna musu wuta cikin tsohuwar garwa a bayan gida. Ku da kanku kun sha ɗauko mini ashana.

Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, wata duniya ce daban. 'Yar Kalmalo ce, busasshen kifi da albasa take kaiwa Ƙonni tun ƙarfinta, ta san ma'aikatan bakin iyaka ɗaya bayan ɗaya, kuma kowannensu ya san bakinta. Sakkwatancinta mai kauri ne, ga Hausar mutanen Nijar ta cakuɗa a ciki, kuɗi ta ce sefa, makaranta ta ce lakwal, kuma ba ta iya jera zance uku ba ta jefa zagi ba. Ba zagin faɗa ba, haka dai maganarta take. Da shi take gaisuwa, da shi take ciniki, da shi take lallashin jariri. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, kamar yadda matan kirki na zamaninta suke yi. In tana nemana sai ta ce, ina wancan? In ranta ya yi daɗi ta ce sarkin iyayi. In ya fi haka daɗi ta ƙara da ja'iri. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin kunyar bakin uwata. Uwarku daga gidan ma'aikata ta fito a Sakkwato, mutanen da ke auna magana kafin su sake ta, kuma duk ranar da surukaina suka zo Illela, addu'a nake yi har su tafi kada Inna ta fito tsakar gida.

Sunan Inna na sa wa 'yata ta fari, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ita ce ta gaji kaina a karatu, ita nake alfahari da ita, har ta shiga jami'a a Sakkwato tana karanta adabin Turanci. A shekararta ta uku ta zo dogon hutu da wani littafin labari na wani marubucin Amurka, wai a cikin darasinsu yake. Ina zaune a zaure ta kawo mini, fuskarta sai walƙiya take yi. Na gyara tabarau na buɗe shafin farko. Wallahi sai da na juya bangon na duba ko littafin bogi aka sayar mata. Layi na farko kuskure, na biyu kuskure, na uku ashar! Ashar a buge, da tawada, a takarda mai kyau. Wata tsohuwa ce mai ɗan gidan abinci kusa da tashar mota take ba da labari, kuma yadda bakinta yake haka aka zuba shi: ta gutsure ƙarshen kalma, ta haɗe kalma uku wuri ɗaya, ta kawo wasu kalmomin da na duba babban ƙamus ɗina kaf ban same su ba. Maganar direbobi ce da masu aski da 'yan zaman kashe wando, irin wadda nake fasa wa yara baya a kanta.

"Wannan a jami'a ake karantar da shi?" na tambaye ta.

"Har jarrabawa za mu yi a kansa, Baba. Ai babban marubuci ne."

"Babban jahili dai! Wannan ko aji biyu ba zai ci ba a hannuna."

"Da gangan ya yi. Ya iya irin Turancinka, duba nan ka ga inda yake magana da bakin kansa. Matar ce ba haka take magana ba, shi kuma ya ƙi ya ara mata bakin da ba nata ba. Ba da ido ake karanta shi ba, Baba, da kunne."

"Da kunnen wa? Kawo shi nan."

Na karɓe littafin na jefa a akwatin ƙarfe na kulle, na ce in za ta koma makaranta ta nemi wani, amma ba a gidana ba. Ba ta yi gardama ba. Ashe abin ya riga ya shige ta. Washegari ta sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai bango shuɗi, ta je ta zauna gaban Inna. A lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da Inna, kasuwa ta gagare ta, kullum tana kan tabarma a gindin dogon yaro tana faɗa da kaji. Ummi ta so ta ɗauki muryarta a waya, Inna ta ce atafau ba ta yarda ba, kada ta mutu a ci gaba da jin ta a shagon masu cajin waya. Sai aka koma biro. Kullum bayan la'asar in na dawo sai in tarar da su, tsohuwa tana zuba, yarinya tana rubutu da sauri kamar ana korarta, in an jima su kwashe da dariya har da tafawa. Wata rana na ji Inna tana cewa:

"Ke ƙawata, rubuta shi yadda nic ce. In kin gyara min baki, ban yahe ba."

Na ji wannan magana da kunnena. Ku riƙe ta, don kada wani cikinku ya nema mini uzuri ya ce ban sani ba.

Hutu ya ƙare, littafi ya cika har bango. Ranar da Ummi za ta koma ta kawo mini shi da hannu biyu, ta ce ɗakin kwanansu a makaranta ba ya da tsaro, in ajiye mata a akwatina, in ta dawo za ta sayi na biyu su ci gaba. Duk gidan nan ni ta zaɓa. Motarsu ba ta kai Gwadabawa ba na buɗe shi. Abin da na gani ya fi na Ba'amurken nan tayar mini da hankali, domin wancan tsohuwar wani ce, wannan kuwa uwata ce. Ga Inna nan ɗungurungum a kan takarda, da zaginta, da tsakinta, da rantse-rantsenta, da yadda take kwaikwayon ma'aikatan iyaka. Har inda ta tsaya ta kori akuya, Ummi ta rubuta. Na yi ta juya shafi gumi yana keto mini, ina tuna ranar da wannan abu zai faɗa hannun surukaina, ko hannun jikokina. Sai na iso wurin da take maganata. Shi kaɗai na haddace, don na karanta shi ya fi sau ashirin ina huci:

"Ja'irin nan sarkin iyayi, sa'ad da baƙon dauro yak kama shi ni kaɗai ta, ubanai ya tahi cin rani. Nig goya shi tun Kalmalo hal Illela a ƙasa, rana na bugunmu, ga shi da nauyi kamab buhun gero, ɗan banza. In nij ji wuyanai ya langaɓe, sai in zabga mai duka ga cinya in ce, kai ɗan nema, in kam mutu bisa bayana sai na ci ubanka! Shi yi kuka. In yay yi kuka in ce alhamdu lillahi, da sauran rai. Hakanan niy yi ta zaginai har munka iske likita. Yanzu ga shi can ya sa wando shina gyara min magana."

Kun ji abin da ke cikin wannan magana, ko? Ku kun ji. Ni ubanku, mai takardar shaidar malanta, ban ji komai ba sai ja'iri da ɗan banza da ɗan nema. Raina ya ɓaci, na ce a'a, ba za a bar wa baya uwata a haka ba, ni ma ba za a bar ni a haka ba. Na shiga kasuwa na sayo babban littafi mai bangon kwali, na zare jan biro, na zauna. Mako uku ina aiki kamar mai shirya jarrabawa. Na bi shuɗin littafin layi-layi na kashe zagi, na kashe rantsuwa, na kori akuyar, na mai da Sakkwatancin Hausar rediyo, sannan na kwafe tsaf da hannuna mai kyau. Wurin baƙon dauro kuwa ga abin da na mai da shi: "A lokacin da ɗana Haliru ya kamu da ciwon ƙyanda, na ɗauke shi cikin tausayi da ƙauna zuwa asibiti, ina yi masa addu'a a hanya, har Allah Ya ba shi lafiya." Na karanta na ji daɗi. Har na ce a raina, ga uwa kamar uwar kowa. Ranar Asabar da hantsi na haɗa shuɗin littafin da tarkacen takardun mako, na zuba a garwa, na ƙyasta ashana. Inna tana gindin dogon yaro, taku goma tsakaninmu, har ta ɗaga murya ta ce hayaƙina yana shiga mata ido.

Wata biyu bayan haka ta rasu, ranar wata Talata bayan azahar, ba ta yi doguwar jinya ba. Ummi ta zo jana'iza ta koma saboda jarrabawa, sannan ta dawo sadakar arba'in. Gida ya cika da matan Kalmalo, a gabansu Inna Kulu, ƙanwar Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ita ma bakinta ba ya da linzami. Bayan an shafa addu'a an ci abinci, matan suka ce ai sun ji labarin yarinya ta rubuta hirar marigayiya, a karanta musu su ji Yaya ko sau ɗaya. Ummi ta leƙo zaure ta ce in ba ta ajiyarta. Na shiga ɗaki na fito da babban littafin ina murmushi. Ta buɗe, ta ga hannuna, ta ɗago kai.

"Baba, ba wannan ba ne."

"Shi ne. Na gyara miki. Je ki karanta, suna jira."

Ta buɗe baki za ta yi magana, daga ciki aka ƙwala mata kira, ta juya ta tafi. Ni kuma na bar maza a waje na laɓe bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ina jiran in ji ana sa albarka. Ta fara karatu. Shafi ɗaya, shafi biyu, tsakar gida ta yi tsit, amma ba tsit na jin daɗi ba. Wata tsohuwa ta ce, wai labarun rediyo ne? Aka ce ta yi shiru. Inna Kulu ta ce a karanto wurin baƙon dauro, don tana nan aka yi, ita ta riƙe wa Yaya gida ranar. Na ji Ummi tana juya takardu. Na ji ta tsaya. Sannan ta karanta, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Tana kai wa sunana Inna Kulu ta daka tsawa.

"Tsaya! Mi kic ce? Wa yak kama sunan ga? Yaya?"

Ta dafe ƙirji ta ci gaba.

"La'ilaha illallahu! Shekara hamsin Yaya ba ta kama sunan ɗan hwarinta ba, ko ranar da taz zaci ya mutu bisa bayanta. Sai yau da ƙasa tar ruhe mata ido za ki buɗe mata baki gaban jama'a, ki maishe ta marar kunya? Wagga ba 'yar'uwata ba ta! Wa yar rubuta wanga abu?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na rantse muku da Allah, mako ukun nan da na yi ina kwafa, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Ni da na tashi a ɗakinta, ni da ban taɓa jin sunana a bakinta ba, na zauna na cusa mata shi da hannuna, ina ganin mutunci nake saya mata. Abu ɗaya da ta tsare duk tsawon rayuwarta, shi na tsinka, kuma a ranar arba'in ɗinta. Ta tsagar ƙyaure ina ganin Ummi, ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji don kada wata mai karatu ta ga hannun da ke ciki. Ta waiwayo ta dubi ƙyauren. Ta san ina nan, don ƙafafuna sun fito ta ƙasa. Ta jira. Bai fi taku uku ba tsakanina da tsakar gida, kuma kalma biyu kawai ake nema. Na tuna maza a waje, na tuna surukaina a cikinsu, na tuna sunan Malam. Ban motsa ba.

"Ni ce, Inna Kulu," in ji Ummi. "Ku yi haƙuri."

Abin da aka gaya mata ranar ba zan maimaita ba. Inna Kulu ta yafa mayafi ta ce ba ta kwana gidan da ake yi wa matattu ƙarya, matan Kalmalo suka bi bayanta tun rana ba ta faɗi ba. Da safe Ummi ta same ni ina alwalar walaha, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta ce tana son shuɗin littafinta, za ta kai Kalmalo ta karanta musu na gaskiyar, komai ya wuce. Ko kalmar zargi ba ta yi mini ba. Mafita ta kawo mini, har da rufin asiri. Na kasa dubanta. Na ce na ƙona. Ta ce, na'am? Na ce na ƙona, ai kin san ƙa'idata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tata ta yi ba. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta sauke, ta dubi garwar da ke jingine a bango, ta sake dubana kamar yau ta fara ganina.

"To, Baba," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta tafi tasha.

Daga ranar Ummi ba ta sake rubuta ko layi ɗaya na labari ba. Ta gama jami'a, ta kama aikin ofis a Sakkwato, ta yi aure, ta haihu. Tana zuwa Illela, tana gaishe ni, tana kawo mini magani da shadda, amma ba ta sake miƙo mini wani abu da hannu biyu ta ce in ajiye mata ba. Kalmalo kuwa ta daina takawa. Uwarku ta gane tun ranar, don ta ga littafin a ɗakina. Sau ɗaya ta ce mini, Malam, yarinyar nan fa tana ɗauke da kayanka. Na yi mata tsawar da ba ta sake ba. Kada ku ga laifinta.

Bayan na yi ritaya, wata Asabar ina kwashe akwatin ƙarfe ina neman abin ƙonawa, sai ga littafin Ba'amurken nan a can ƙasa. Har na nufi garwa da shi. Sai na ce bari in ƙara ganin shirmen kafin ya ci wuta, kuma ban san dalili ba, na tuna maganar kunne, na karanta da ƙarfi ni kaɗai a bayan gida. Shafi biyar ban kai ba na nemi wuri na zauna. Matar tana numfashi. Ina jin inda ta gaji, ina jin inda take ɓoye tsoro da baƙar magana. Na lura ko an rufe sunayen mutanen littafin zan gane wa ke magana, don kowa da bakinsa: direba da nasa, mai wa'azi da nasa, yaran unguwa da nasu kalmomin da na tabbata ko a can sun tsufa yanzu, amma mutanen da ke faɗinsu ba su tsufa ba. Na kai wurin da jikanta zai shiga mota ya bar gari. Tana ɗaure masa abinci tana zaginsa, ta zagi takalminsa, ta zagi askinsa, ta ce in ya bari aka kashe shi a birni kada ya kuskura ya dawo mata gida. Ko sau ɗaya ba ta ce tana sonsa ba. Gashin jikina ya tashi. Na ce wannan ai Inna ce, wa ya kai ta Amurka?

Duk da haka taurin kai bai sake ni ba, sai da na gwada. Na zare jan biro na gyara shafin nan ɗaya, na mai da shi Turancin Ingila mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya, na kwafe a takarda, na karanta da ƙarfi. Babu kowa a ciki. Kalmomin suna nan, ma'anar tana nan, matar ta tafi. Na zauna da takardar a hannu ina kallon gindin dogon yaro inda tabarmar Inna take a da. Mutumin da na kira jahili ya tsare wa tsohuwarsa bakinta, duniya tana ji har Illela. Ni mai ilimi na kashe tawa sau biyu, na biyun da ashana. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ta.

Za ku ce to me ya hana ni tafiya Kalmalo washegari? Na yi niyya. Na ce bayan Sallah, na ce bayan damina, na ce sai na sami yadda zan fara. Ina cikin neman yadda zan fara aka aiko Inna Kulu ta rasu. Ta tafi tana riƙe da Ummi a zuci, ba ta sake amsa gaisuwarta ba har ta koma ga Allah. Wannan ba ya gyaruwa, ba ni da biron da zai taɓa shi.

Watan jiya na sayi littafin 'yan firamare mai bango shuɗi, na zauna na rubuta duk abin da na iya tunawa na bakin Inna, yadda ta faɗe shi, ban kashe ko tsaki ba. Shafi uku kawai na samu. Shafi uku, daga littafin da ya cika har bango. Na shiga mota na tafi Sakkwato, na sami Ummi a gida da hantsi, yara suna makaranta. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta daɗe tana karantawa. Sai ta miƙo hannu, ban gane ba, ta nuna aljihuna. Na ba ta jan biron. Ta gyara wuri huɗu, ta ce ba haka Inna ta ce ba, ga yadda ta ce. Na tambaye ta nawa take tunawa. Ta ce ba zai kai rabi ba, sauran ya tafi. Na gaya mata zan rubuta wannan labari, kuma zan sa a karanta shi a Kalmalo gaban dangi, ina raye, ina zaune a wurin. Hawayenta yana zuba a kan shuɗin bango.

"Uwata," na ce, "abu ɗaya nake roƙo. Da Inna ce zaune nan, ta ji abin da na zo da shi yau, me za ta ce mini?"

"Haba Baba. Ba zan iya ba."

"Sunanta gare ki, kuma ke kaɗai kika rage da bakinta. Faɗi yadda za ta faɗa. Kada ki gyara."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci bango don kunya. Sannan ta ja dogon tsaki, irin wanda rabona da ji tun ana shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, muryar ta fito da kaurinta da komai:

"Ja'irin nan, sarkin iyayi. Sai yanzu?"

Ina da shekara saba'in da 'yan kai, ga furfura har gira. Na zame daga kujera na durƙusa a kan tabarmar 'yata.

"Na'am, Inna," na ce. "Sai yanzu."